Tarihin masu horar da 'yan wasan Bayern Munich

Babu wata ƙungiyar ƙwallon ƙafa a ƙasar Jamus da ta kama ƙafar Bayern Munich wajen yawan kofuna. Ta lashe gasar ƙasar fiye da sau 30, ta kuma ɗauki kofin zakarun Turai har sau 6.

To sai dai duk da wannan ɗaukaka, kujerar mai horar da 'yan wasan ƙungiyar na daga cikin waɗanda suka fi wuyar zama a nahiyar Turai. Tun lokacin da ƙungiyar ta shiga gasar Bundesliga a shekarar 1965, babu kocin da ya shafe fiye da shekaru 6 a jere a kanta. Da dama daga cikinsu ma an sallame su ne watanni kaɗan bayan sun ɗaga kofi.

Ga taƙaitaccen tarihin mutanen da suka zauna a kan wannan kujera, da abin da kowannensu ya bari, da kuma dalilan da suka sa ba a daɗewa a kanta.

Zamanin baƙi daga ƙetare

An kafa ƙungiyar ne a ranar 27 ga watan Fabrairun 1900 a birnin Munich, hedkwatar jihar Bavariya da ke kudancin Jamus. A wancan lokaci ƙwallon ƙafa baƙon abu ne ga Jamusawa, saboda haka akasarin waɗanda suka fara horar da ƙungiyar 'yan ƙasashen waje ne.

Na farko a cikinsu shi ne Willem Hesselink ɗan ƙasar Holan, wanda a farkon shekarun 1900 ya haɗa buga wasa da horarwa, har ma ya riƙe shugabancin ƙungiyar. Bayansa ne Ingilishi suka shigo. Wanda ya fi shahara a cikinsu shi ne William Townley, tsohon ɗan wasan Blackburn Rovers, wanda ya kama aiki a shekarar 1914, yaƙin duniya na farko ya katse masa hanzari, sannan ya dawo daga 1919 zuwa 1921. Townley ne ake dangantawa da koya wa ƙungiyoyin kudancin Jamus wasan miƙa ƙwallo ƙasa-ƙasa daga ƙafa zuwa ƙafa.

Daga bisani shugaban ƙungiyar Kurt Landauer ya karkata ga masu horarwa daga Hangari da Ostiriya, inda a lokacin ake ganin nan ne matattarar gwanayen wasa. Haƙarsa ta cimma ruwa a ranar 12 ga watan Yunin 1932, lokacin da Bayern, a ƙarƙashin Richard Kohn ɗan Ostiriya wanda aka fi sani da Dombi, ta doke Eintracht Frankfurt da ci biyu da nema a birnin Nuremberg, ta zama zakaran Jamus a karon farko.

Murnar ba ta je ko'ina ba. A shekarar 1933 'yan Nazi suka hau mulki, kuma da Landauer da Dombi duk Yahudawa ne. Landauer ya ajiye muƙaminsa, an tsare shi a sansanin Dachau a shekarar 1938, daga baya ya tsere zuwa Suwizalan. Shi kuwa Dombi ya bar ƙasar, inda ya je ya yi suna a ƙungiyar Feyenoord ta Holan.

Sai da aka yi shekaru 37 kafin Bayern ta sake zama zakaran Jamus. A tsawon wannan lokaci masu horarwa sun yi ta shiga da fita, ƙungiyar ma ta taɓa faɗawa rukuni na biyu a shekarar 1955. Abin da kawai ta samu na a zo a gani shi ne kofin ƙalubale na Jamus da ta ci a 1957 a hannun Willibald Hahn, shi ma ɗan Ostiriya.

Waɗanda suka aza harsashi

Lokacin da aka ƙirƙiro gasar Bundesliga a shekarar 1963, hukumar ƙwallon ƙafa ta Jamus ba ta sanya Bayern a ciki ba. Maƙwabciyarta 1860 Munich aka zaɓa ta wakilci birnin.

A wannan shekarar ce shugaban ƙungiyar Wilhelm Neudecker ya ɗauko Zlatko Cajkovski ɗan Yugoslabiya, wanda ya ci gasar Jamus da ƙungiyar Kolon a 1962. Da yake asusun ƙungiyar ba shi da nauyi, sai Cajkovski ya dogara da matasa: mai tsaron gida Sepp Maier, da Franz Beckenbauer, da kuma Gerd Müller, wanda da farko kocin ya riƙa yi wa ba'a saboda gajarta da ƙibarsa.

Da waɗannan samari ne ƙungiyar ta hau Bundesliga a 1965, ta zo ta uku a kakarta ta farko, ta ci kofin ƙalubale a 1966 da 1967. A shekarar 1967 ɗin ce kuma ta ɗauki kofinta na farko na Turai, wato na ƙungiyoyin da suka ci kofunan ƙalubale na ƙasashensu, bayan ta doke Glasgow Rangers da ci ɗaya mai ban haushi.

Wani ɗan Yugoslabiyan ne ya gaje shi a 1968, Branko Zebec, mutum mai tsanani wanda ya fi ba da ƙarfi ga tsaron gida da juriyar jiki. A kakar 1968 zuwa 1969 ya yi amfani da 'yan wasa 13 kacal a duk wasannin gasar, ya kuma haɗa kofin Bundesliga da na ƙalubale. Amma kafin ƙarshen kakar da ta biyo baya dangantaka ta yi tsami, ya bar aiki a watan Maris na 1970.

Lattek da Cramer: sarautar Turai

Wanda ya maye gurbinsa, Udo Lattek, yana da shekaru 35 ne kawai, kuma bai taɓa horar da wata babbar ƙungiya ba. Beckenbauer, wanda ya san shi a matsayin mataimaki a tawagar ƙasa, shi ne ya ba da shawarar a ɗauke shi. Wannan ne karon farko da ta fito fili cewa bakin manyan 'yan wasa na da tasiri a kan wanda zai horar da su, lamarin da ya zame wa ƙungiyar jiki har tsawon shekaru.

Lattek ya zo da matasa biyu, Paul Breitner da Uli Hoeness. Ya ci Bundesliga sau uku a jere, a 1972 da 1973 da 1974. A kakar 1971 zuwa 1972 ƙungiyar ta zura ƙwallaye 101, Müller shi kaɗai ya ci 40.

A shekarar 1974 Bayern ta zama ƙungiyar Jamus ta farko da ta ɗauki kofin zakarun Turai. Saura ƙiris Atletico Madrid ta yi gaba da kofin a birnin Brussels, sai ɗan wasan baya Georg Schwarzenbeck ya farke a daƙiƙoƙin ƙarshe na ƙarin lokaci. Da aka sake wasan bayan kwana biyu, Bayern ta lallasa ta da ci huɗu da nema. Makonni kaɗan bayan haka, 'yan wasan Bayern 6 ne suka buga wa Jamus ta Yamma wasan ƙarshe na cin kofin duniya da ta lashe.

Duk da haka, a watan Janairun 1975 aka sallami Lattek, sakamakon koma-bayan da ƙungiyar ta fuskanta a gasar cikin gida. Shi da kansa ya sha ba da labarin cewa ya je ya shaida wa Neudecker akwai buƙatar a yi canje-canje, shugaban ya amince da maganarsa, ya kuma fara canjin da shi.

Dettmar Cramer, wanda ya yi aikin horarwa a ƙasashe da dama ciki har da Japan da Masar, shi ya karɓi ragama. Ya riƙe kofin Turai a 1975 bayan doke Leeds United a birnin Paris, da 1976 bayan doke Saint-Etienne a Glasgow, ya ƙara da kofin nahiyoyi a kan Cruzeiro ta Brazil. A gida kuwa bai ci Bundesliga ko sau ɗaya ba. Taurarin sun fara tsufa, Beckenbauer ya tafi Amurka a 1977, kuma a ƙarshen shekarar Bayern da Eintracht Frankfurt suka yi musayar masu horarwa: Cramer ya tafi can, Gyula Lorant ɗan Hangari ya zo Munich.

Boren 1979

Shekarar 1979 na da muhimmanci ga duk mai son fahimtar yadda ake tafiyar da Bayern. Bayan tafiyar Lorant, Neudecker ya shirya ɗauko Max Merkel, kocin da ya yi ƙaurin suna wajen gallaza wa 'yan wasa. 'Yan wasan, bisa jagorancin Maier da Breitner, suka ce ba za ta saɓu ba, sun fi son a bar musu mataimakin Lorant, Pal Csernai. Neudecker ya yi murabus bayan shekaru 17 yana shugabanci.

A watan Mayun wannan shekara Uli Hoeness, wanda ciwon gwiwa ya raba shi da wasa, ya zama manajan ƙungiyar yana da shekaru 27. Daga ranar, har tsawon shekaru 40, da wuya a ɗauki koci ko a sallame shi ba da hannunsa a ciki ba.

Csernai ya ci Bundesliga a 1980 da 1981 da taimakon Breitner da Karl-Heinz Rummenigge, amma Aston Villa ta doke shi a wasan ƙarshe na kofin Turai a 1982. An sallame shi a 1983.

Sai aka koma wa Lattek. A zuwansa na biyu ya sake jera kofunan Bundesliga uku, daga 1985 zuwa 1987. Abin da ya gagare shi shi ne kofin Turai: a wasan ƙarshe na 1987 a birnin Vienna, Porto ta Fotugal ta yi nasara da ci biyu da ɗaya, inda Rabah Madjer ɗan Aljeriya ya ci shahararriyar ƙwallonsa ta diddige. Lattek ya bar Bayern da kofunan Bundesliga 6, adadin da ya zarce na duk wani koci a tarihin ƙungiyar.

Shekarun hayaniya

Jupp Heynckes ya zo daga Borussia Mönchengladbach a 1987, ya ci gasar a 1989 da 1990. A watan Oktoban 1991, bayan Stuttgarter Kickers ta ci Bayern huɗu da ɗaya har gida, aka sallame shi. Daga baya Hoeness ya sha nanata cewa wannan shi ne babban kuskuren da ya tafka a aikinsa.

Abin da ya biyo baya ya gaskata shi. Soren Lerby, tsohon ɗan wasan ƙungiyar da ba shi da gogewar horarwa, bai wuce watanni biyar ba. Ƙungiyar ta ƙare kakar a matsayi na 10. Erich Ribbeck ya riƙe ta har zuwa ƙarshen 1993, sannan Beckenbauer da kansa ya sauko daga ofis ya karɓi aikin, ya ci gasar 1994, ya kuma zama shugaban ƙungiyar a wannan shekara.

A cikin waɗannan shekaru ne jaridun Jamus suka laƙaba wa ƙungiyar sunan FC Hollywood, saboda rigingimun taurarinta sun fi wasanninta cika shafukan jaridu.

Giovanni Trapattoni ɗan Italiya ya yi kaka guda ya koma gida, bayan ya yi fama da matsalar harshe. Otto Rehhagel, wanda ya yi shekaru 14 a Werder Bremen yana cin karensa babu babbaka, ya tarar da cewa Munich ba Bremen ba ce. An sallame shi a watan Afrilun 1996, kwanaki kaɗan kafin wasan ƙarshe na kofin UEFA. Beckenbauer ya sake yin riƙon ƙwarya, ya doke Bordeaux ya ɗauki kofin.

Rehhagel ya rama bayan shekaru biyu, lokacin da ya ci Bundesliga da Kaiserslautern wadda a kakar ce ta hauro daga rukuni na biyu, ya bar Bayern a matsayi na biyu. A 2004 kuma ya ci kofin ƙasashen Turai da Girka.

Trapattoni ya dawo a 1996, ya ci gasar 1997 da kofin ƙalubale na 1998. Sai dai abin da Jamusawa suka fi tunawa da shi shi ne taron manema labarai na ranar 10 ga watan Maris na 1998, inda cikin fushi da gurɓataccen Jamusanci ya caccaki wasu 'yan wasansa, ciki har da Thomas Strunz da Mario Basler.

Hitzfeld ya dawo da natsuwa

Ottmar Hitzfeld, wanda ya karanci koyar da lissafi, ya zo ne a 1998, shekara guda bayan ya ci kofin zakarun Turai da Borussia Dortmund. Ya yi fice wajen iya zama da manyan 'yan wasa masu taurin kai irin su Oliver Kahn da Stefan Effenberg da Lothar Matthäus, da kuma juya 'yan wasa don kowa ya samu hutu.

Kakarsa ta farko ta ƙare da baƙin ciki. A wasan ƙarshe na zakarun Turai na 1999 a birnin Barcelona, Bayern na gaba da ci ɗaya har cikar minti 90, sai Manchester United ta zura biyu a mintunan da aka ƙara. Masu kallo da dama a Afirka ba su manta da hoton Samuel Kuffour ɗan Gana yana dukan ƙasa yana kuka ba.

Bayan shekaru biyu aka share hawaye. A 2001 Bayern ta ƙwace kofin Bundesliga daga hannun Schalke da ƙwallon da Patrik Andersson ya ci a Hamburg a daƙiƙoƙin ƙarshe na kakar. Bayan kwana huɗu ta doke Valencia a bugun fenariti a birnin Milan, inda Kahn ya tare uku. A ƙarshen shekarar kuma Kuffour ne ya ci ƙwallon da ta ba ta kofin nahiyoyi a kan Boca Juniors a birnin Tokyo.

Hitzfeld ya ci Bundesliga sau huɗu kafin a rabu da shi a 2004. Shekaru 6 da ya yi a jere su ne mafi tsawo da wani koci ya yi a ƙungiyar a zamanin Bundesliga.

Felix Magath, mai horo mai tsanani, ya haɗa kofunan gida biyu a 2005, ya maimaita a 2006, abin da ba a taɓa yi ba a Jamus kafin lokacin. Hakan bai hana a sallame shi a ƙarshen watan Janairun 2007 ba. Aka sake kiran Hitzfeld, wanda ya haɗa kofunan gida biyu a 2008 da sababbin taurari irin su Franck Ribery da Luca Toni.

Neman sabon salo

Daga nan shugabannin ƙungiyar suka shiga neman kocin da zai zamanantar da wasanta. Gwajin farko bai yi armashi ba. Jürgen Klinsmann ya zo a 2008 da tawagar mataimaka da sababbin tsare-tsare, amma bayan Wolfsburg ta Magath ta ci Bayern biyar da ɗaya, Barcelona ta ƙara mata da huɗu da nema, aka sallame shi a watan Afrilun 2009. Heynckes ya kammala wasanni biyar da suka rage.

Louis van Gaal ɗan Holan ne ya kawo sauyin da ake nema. Ya koya wa ƙungiyar riƙe ƙwallo, ya mayar da Bastian Schweinsteiger tsakiyar fili, ya jawo matasa irin su Thomas Müller da David Alaba, wanda mahaifinsa ɗan Najeriya ne. A 2010 ya haɗa kofunan gida biyu, ya kai wasan ƙarshe na zakarun Turai inda Inter Milan ta Jose Mourinho ta yi nasara. Amma zama bai yi daɗi ba tsakaninsa da Hoeness, wanda ya zama shugaban ƙungiyar a 2009. An sallame shi a watan Afrilun 2011.

Heynckes ya dawo karo na uku. A 2012 ƙungiyar ta zo ta biyu a duk gasa ukun da ta shiga. Mafi ciwo shi ne wasan ƙarshe na zakarun Turai da aka buga a filinta na Allianz Arena, inda Chelsea ta su Didier Drogba da John Mikel Obi ta ɗauke kofin a bugun fenariti.

A kakar da ta biyo baya, Bayern ta tara maki 91, ta ba Dortmund tazarar maki 25, ta fitar da Barcelona da ci bakwai da nema a wasanni biyu, ta doke Dortmund biyu da ɗaya a filin Wembley, sannan ta ci kofin ƙalubale. Ita ce ƙungiyar Jamus ta farko da ta haɗa waɗannan kofuna uku a kaka guda. Abin lura shi ne tun a watan Janairun 2013 aka riga aka sanar da wanda zai gaji Heynckes.

Daga Guardiola zuwa Flick

Pep Guardiola ɗan Spaniya ya yi shekaru uku, ya ci Bundesliga a dukansu, ya ƙara da kofin ƙalubale biyu da kofin ƙungiyoyin duniya da aka buga a Maroko a 2013. A 2014 tun a watan Maris ya kammala lashe gasar. Masana da dama na ganin ya sauya yadda ake kallon dabarun wasa a Jamus baki ɗaya. Amma a gasar zakarun Turai sau uku ana tsayar da shi a wasan kusa da na ƙarshe, kuma duka a hannun ƙungiyoyin ƙasarsa: Real Madrid da Barcelona da Atletico Madrid. Ya tafi don raɗin kansa a 2016 bayan cikar kwantiraginsa.

Carlo Ancelotti ya ci gasar 2017, aka sallame shi a watan Satumban shekarar, kwana guda bayan Paris Saint-Germain ta ci Bayern uku da nema, a daidai lokacin da ake raɗe-raɗin cewa manyan 'yan wasa sun juya masa baya. Sai aka sake ƙwanƙwasa ƙofar Heynckes, wanda ya bar hutun ritaya yana da shekaru 72, ya zo karo na huɗu ya ci gasar 2018.

Niko Kovac, tsohon ɗan wasan ƙungiyar, ya haɗa kofunan gida biyu a 2019. A watan Nuwamban shekarar tsohuwar ƙungiyarsa Eintracht Frankfurt ta ci Bayern biyar da ɗaya, washegari aka raba gari.

Mataimakinsa Hansi Flick aka ba riƙon ƙwarya, da nufin ya riƙe na ɗan lokaci. Sai ga shi a 2020, shekarar annobar korona, ya haɗa kofuna uku kamar yadda Heynckes ya yi. Ƙungiyar ta ci duka wasanni 11 na gasar zakarun Turai a kakar, ciki har da takwas da biyu da aka yi wa Barcelona a birnin Lisbon. Da kofin ƙungiyoyin duniya da ya ɗauka a Katar a watan Fabrairun 2021, kofunansa suka cika 6. Duk da haka ya nemi a sake shi a ƙarshen kakar, bayan takun-saƙa da daraktan wasanni Hasan Salihamidzic kan sayen 'yan wasa.

Nagelsmann, Tuchel da Kompany

A 2021 Bayern ta biya RB Leipzig maƙudan kuɗi don ɗauko Julian Nagelsmann mai shekaru 33, ta ba shi kwantiragin shekaru biyar. Ya ci gasar 2022, amma a watan Maris na 2023 aka sallame shi, alhali ya ci duka wasanni takwas da ya buga a gasar zakarun Turai a kakar.

Thomas Tuchel ya karɓa, cikin makonni kaɗan aka fitar da ƙungiyar daga kofin ƙalubale da na Turai. Da ƙyar ta tsira da kofin Bundesliga a ranar ƙarshe, bayan Jamal Musiala ya ci ƙwallo a Kolon, Dortmund kuma ta yi kunnen doki da Mainz. A wannan rana aka sanar da sauke Salihamidzic da Oliver Kahn, wanda ke shugabantar hukumar gudanarwa. A wannan karo ba kocin ne ya biya kuɗin sabulu ba, waɗanda suka canza shi ne.

A 2024 Bayer Leverkusen ta Xabi Alonso, wadda Victor Boniface na Najeriya ke cikinta, ta lashe gasar ba tare da an doke ta ko sau ɗaya ba, ta kawo ƙarshen shekaru 11 da Bayern ta yi tana jera kofin. Bayern ta ƙare ta uku, Tuchel ya tafi.

Bayan Alonso da Nagelsmann da Ralf Rangnick duk sun zaɓi zama inda suke, sai aka naɗa Vincent Kompany ɗan Beljiyam, wanda mahaifinsa ɗan asalin Jamhuriyar Demokraɗiyyar Kongo ne. Mutane da dama sun yi mamaki, domin a kakar ce ƙungiyarsa Burnley ta faɗo daga gasar Firimiya ta Ingila. Amma a 2025 ya dawo wa Bayern da kofin Bundesliga, ya zama baƙar fata na farko da ya lashe gasar a matsayin koci. A watan Oktoban 2025 aka tsawaita kwantiraginsa zuwa 2029.

Me ya sa ba a daɗewa?

Dalili na farko shi ne tsarin ƙungiyar. Saɓanin abin da aka saba gani a Ingila a zamanin su Alex Ferguson, inda manaja ke da wuƙa da nama, a Jamus aikin koci shi ne horarwa da zaɓen masu buga wasa. Saye da sayar da 'yan wasa na hannun daraktan wasanni da hukumar gudanarwa.

Na biyu shi ne waɗanda ke zaune a wannan hukuma. Ƙungiyar magoya baya ce ke riƙe da kashi 75 cikin ɗari na hannun jari, kamfanonin Adidas da Audi da Allianz suka raba ragowar. Babu wani attajiri guda mai mallakarta. Shekara da shekaru tsofaffin taurarinta, Beckenbauer da Hoeness da Rummenigge, su ne suka ja ragama. Mutane ne da suka ci kofin duniya ko na Turai da ƙafafunsu, ba sa kuma ɓoye ra'ayinsu a gaban 'yan jarida. Kocin Bayern na aiki ne a ƙarƙashin shugabannin da ke ganin sun san aikinsa kamar yadda ya sani.

Na uku shi ne ma'aunin nasara. Cin Bundesliga ya zama tamkar wajibi, ba abin yabo ba. Zebec da Lattek da Magath da van Gaal da Ancelotti da Kovac da Nagelsmann duk sun ci gasar, kuma babu wanda ya kai ƙarshen kakar da ta biyo baya a cikinsu.

Kazalika ƙungiyar na da ɗabi'ar komawa ga sanannun fuskoki idan ruwa ya ƙare wa ɗan kada. Lattek da Beckenbauer da Trapattoni da Hitzfeld kowannensu ya zo sau biyu, Heynckes kuwa sau huɗu. Kuma duk da manyan baƙin da suka ratsa ta ƙungiyar, kofunan zakarun Turai 6 da ta ɗauka daga 1974 zuwa 2020 Jamusawa biyar ne suka kawo su: Lattek, Cramer, Hitzfeld, Heynckes da Flick.

Jerin masu horarwa tun daga 1963

1963–1968: Zlatko Cajkovski
1968–1970: Branko Zebec
1970–1975: Udo Lattek
1975–1977: Dettmar Cramer
1977–1979: Gyula Lorant
1979–1983: Pal Csernai
1983: Reinhard Saftig, riƙon ƙwarya
1983–1987: Udo Lattek
1987–1991: Jupp Heynckes
1991–1992: Soren Lerby
1992–1993: Erich Ribbeck
1993–1994: Franz Beckenbauer
1994–1995: Giovanni Trapattoni
1995–1996: Otto Rehhagel
1996: Franz Beckenbauer, riƙon ƙwarya
1996–1998: Giovanni Trapattoni
1998–2004: Ottmar Hitzfeld
2004–2007: Felix Magath
2007–2008: Ottmar Hitzfeld
2008–2009: Jürgen Klinsmann
2009: Jupp Heynckes, riƙon ƙwarya
2009–2011: Louis van Gaal
2011: Andries Jonker, riƙon ƙwarya
2011–2013: Jupp Heynckes
2013–2016: Pep Guardiola
2016–2017: Carlo Ancelotti
2017: Willy Sagnol, riƙon ƙwarya
2017–2018: Jupp Heynckes
2018–2019: Niko Kovac
2019–2021: Hansi Flick
2021–2023: Julian Nagelsmann
2023–2024: Thomas Tuchel
2024: aka naɗa Vincent Kompany